Yadda Ake Bin Sawun Wanda Aka Ce Japanawa Sun Kama

Kakata ta wajen uwa tana da wa guda ɗaya da ya shiga soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. An kai su ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, bai dawo ba. Abin da gidanmu ya riƙe shekara da shekaru magana ɗaya ce tak: Japanawa sun kama shi. Wani abokin tafiyarsa da ya dawo a 1946 ne ya kawo labarin, ya faɗa wa maza a zaure, maza suka shiga da shi cikin gida, aka yi kuka aka share hawaye. Babu gawa, babu takarda, babu ranar da za a nuna a ce ita ce ta rasuwa. Na yi kusan shekara uku ina bin wannan magana, kuma rabin lokacin ɓata shi na yi a hanyar da ba ta ɓullewa. Shi ya sa nake rubuta wannan, don wanda ke da irin labarin a gidansu ya huta da wahalar da na sha. Hanyar za ta yi aiki ko da wanda ake nema Bature ne ko Ba'indiye, sai dai namu na Afirka ta Yamma sun fi wuyar samu, kuma zan faɗi dalili.

Ka fara da gida, kuma abin da kake nema a gida shi ne lambar soja. Suna ba zai kai ka ko'ina ba. Akawun da ke ɗaukar soja a wancan zamani yakan rubuta sunan mutum ya haɗa da sunan garinsu ko ƙabilarsa, sai ka ga bataliya ɗaya cike da masu suna iri ɗaya sak, kowa wane Kano, wane Sakkwato, wane Bauci. Ga kuma rubutun kunnen Bature: Audu ya koma Awudu, Garba ya koma Garuba, Mamman ya zama Momo ko Mama, Ibrahim ya zama Braima. Wasu ma da gangan suka ba da sunan da ba nasu ba, saboda gudowa suka yi daga gida. Lamba kuwa ta mutum ɗaya ce. Ta sojan Nijeriya tana farawa da haruffan NA, sannan alƙaluma su biyo.

Ni a bayan hoto na sami tamu. Na tambayi tsohuwar, na ce, "Kaka, Yayan naku bai bar wata takarda ba?"

Ta ce, "Kai maigida, takardar me? Mutumin da ko ƙofar makarantar boko bai taɓa leƙawa ba."

Sai da aka kwana biyu ta sa aka jawo mata adakarta daga ƙarƙashin gado. Can ƙasan zannuwa ta zaro wani ƙyalle, a cikinsa hoto ne da ya yi ja saboda tsufa: saurayi siriri, gajeren wando na kaki, hula mai faɗin baki an naɗe gefe ɗaya. Na juya bayansa, sai ga NA da alƙaluma biyar da fensir. Shekara sama da 70 hoton yana hannunta, ita a zatonta lissafin kuɗin mai hoto ne. Saboda haka ka juya bayan kowane hoto, ka duba ambulan kowace wasiƙa, ka duba littafin biyan albashi ko takardar sallama idan akwai. Lambar yabo ta ƙarfe ba ta cika taimakawa ba, don waɗanda Ingila ta raba a wannan yaƙin galibi ba a zana suna a jikinsu ba. Amma idan ka ga tauraro mai ƙyalle ja a tsakiya, da shuɗi da ruwan lemo a gefe, Tauraron Bama ne, ka san aƙalla inda mai shi ya yi yaƙi.

Idan za ka tambayi tsofaffi, kada ka ce "a wace shekara?" Ba su lissafa da shekarar Nasara ba. Ka tambayi wa aka haifa lokacin, wane sarki ke kan gado, da damina ya tafi ko da rani. Ka tambayi alamar da ke kafaɗar rigar waɗanda suka dawo. Baƙin gizo-gizo a kan rawaya alamar Runduna ta 81 ce ta Afirka ta Yamma. Mashi biyu a gicciye bisa gammo ta Runduna ta 82 ce. Kakata ta tuna gizo, don a cewarta yara sun riƙa tsokanar mutumin da ya kawo labarin suna kiransa sojan Gizo. Wannan ɗan abin dariya shi ya raba mini aikin biyu. Ka kunna waya ka ɗauki muryarsu, kada ka dogara da ƙwaƙwalwarka.

Daga nan sai ka ɗora labarin gida a kan kalanda, kafin ka kashe ko kwabo. A nan na yi babban kuskurena. Da na ji "fursunan Japanawa," hankalina ya tafi kan layin dogon da aka tilasta wa fursunoni ginawa tsakanin Tailan da Bama, mai tsawon kilomita 415, wanda fursunonin Ƙawance, wato ɓangaren Birtaniya da ƙawayenta, kimanin 60,000 suka yi aikinsa, sama da 12,000 suka mutu. Wata shida ina tona sunayen wannan layi. Ashe lissafi kaɗan ya isa ya hana ni. Yawancin fursunonin da Japan ta riƙe a farkon yaƙin ta kama su: Hong Kong ta faɗi ran 25 ga Disamba 1941, Singafo ran 15 ga Fabrairu 1942, tsibirin Jaba na Indunusiya a watan Maris, Filifin a Afrilu da Mayu na shekarar. An haɗe layin dogon a Oktoba 1943. Runduna ta 81 kuwa a 1943 aka kafa ta a Nijeriya, ba ta fara gwabzawa a kwarin Kaladan da ke yammacin Bama ba sai farkon 1944. Bataliyoyin Nijeriya na 6 da na 7 da na 12 a 1944 suka shiga daji tare da dakarun Chindit, masu kutsawa su yi yaƙi a bayan layin Japanawa. Runduna ta 82 ta zo daga baya, ita ce ta yi yaƙi a yankin Arakan na gaɓar tekun Bama har zuwa 1945. Ka ga ke nan ɗan Nijeriya ba zai yiwu ya gina layin da aka gama kafin ya ga Bajapane da idonsa ba. Waɗanda aka kama a fagen Bama a 1943 da 1944, idan sun rayu har aka kai su wani wuri, kurkukun Rangun, babban birnin Bama a lokacin, aka fi kai su, kuma a farkon Mayu 1945 aka sami kurkukun a buɗe bayan masu gadi sun tsere.

Wurin farko da za ka duba a intanet kyauta ne: shafin hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen Kwamanwel, wadda ake taƙaita sunanta CWGC. Ka bar gurbin suna fayau, ka sa lambar kawai. Idan bai fito ba ka cire haruffan, ka bar alƙaluman. Idan mutumin ya mutu a yaƙin kuma an rubuta shi, za ka ga rukuninsa, da ranar mutuwa, da inda kabari ko sunansa yake. Namu suna maƙabartar Taukkyan da ke arewa da Rangun, wasu suna Chittagong da Maynamati a Bangaladash ta yau. A tsakiyar Taukkyan akwai ginshiƙan tunawa ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. A nan lambarmu ta fito, cikin daƙiƙa kaɗan, bayan wata shida na wahalar banza. Sunan ya sha bamban da wanda muke kiransa da shi a gida, har da garin da aka liƙa masa ba namu ba ne, garin da ya je ya shiga sojan ne. Ranar kuwa wata rana ce a watan Maris 1944.

To amma suna a jikin ginshiƙi bai ce an kama mutum ba, bai kuma ce ba a kama shi ba. Cewa kawai ya yi ba a ga gawarsa ba. Don haka na nufi takardun fursunoni.

Mafi yawansu suna gidan adana takardun tarihi na Birtaniya da ke Kew, a yammacin Landan. Kowane jerin takardu da lambarsa, kuma gara ka haddace kaɗan. WO 345 katunan da Japanawa da kansu suka yi wa fursunoni ne, kimanin 50,000. WO 344 fom ne da fursunoni suka cika bayan an 'yanto su. WO 392 jerin sunayen fursunoni ne. WO 361 kuwa fayilolin binciken waɗanda suka ɓace ne. An ɗauki hoton katunan an sa a shafin intanet na Findmypast, sai dai da kuɗi ake dubawa. Wanda ya isa Kew da ƙafarsa, katin shiga ɗakin karatu kyauta ne, da shaidar suna da ta adireshi ake yinsa, kuma ana barin mutum ya ɗauki hoton takardu da wayarsa. Ni wata tafiyar aiki ce ta kai ni Landan, na saci kwana uku.

Wata tsohuwar Baturiya da muka zauna kusa da juna ita ta koya mini karatun katin, da na mahaifinta, wanda aka kama a Singafo. Kati ne ɗan madaidaici, an buga kan layukansa da Japananci da harshen Turawa. A fuskarsa akwai suna, da muƙami, da lamba, da rukuni, da wurin kamu, da sunan uwa da uba, da sana'ar mutum kafin soja, da adireshin wanda za a sanar. Ta ɗora yatsa a gurbin ranar kamu, na ga an rubuta 17.2.15. Na ce mata ai wannan 1915 ke nan, an yi kuskure. Ta yi dariya. A lokacin Japanawa da shekarun sarautar Sarki Hirohito suke lissafi, kuma shekara suke fara rubutawa, sannan wata, sannan rana. Ka ƙara 1925 a kan lambar farko: 17 ta zama 1942, wato 15 ga Fabrairu 1942, ranar da Singafo ta faɗi. Haka 18 ita ce 1943, 19 ita ce 1944, 20 ita ce 1945. A wasu takardun kuma za ka ga 2602, wannan wani lissafin nasu ne na daban, shi ma 1942 yake nufi. Bayan katin da Japananci aka rubuta shi da hannu, kuma a nan naman yake: sauyin sansani, ciwo, dalilin mutuwa, yadda aka yi da gawa. Kada ka yarda da fassarar waya a kan wannan rubutu, tsohon salo ne kuma na gaggawa, ka nemi wanda ya iya. Idan ka ga jan layi ya ratsa katin daga kusurwa zuwa kusurwa, mai katin ya mutu a tsare. Na mahaifinta babu jan layi. Ta ce ya dawo gida, ya yi shekara 40 a duniya bayan haka, bai taɓa yarda an dafa shinkafa a gidansa ba.

Fom ɗin WO 344 ya fi katin daɗin karatu, don da hannun mutumin aka cika shi: sansanonin da ya zauna ɗaya bayan ɗaya, da ranaku, da sunan hafsan da ke shugabantar fursunoni a kowanne, da ko ya yi yunƙurin tserewa, da abin bajinta da ya ga wani ya yi. Ba kowa ne ya cika ba. Ƙungiyar 'ya'yan tsofaffin fursunonin Gabas Mai Nisa, COFEPOW, ta sa hotunan shafin farko na da yawa daga cikinsu a shafinta. Dabarar da na koya ita ce, idan naka bai cika ba, ko bai rayu ya cika ba, ka karanta na abokan rukuninsa da aka kama rana ɗaya. A ƙungiya-ƙungiya ake kwasar fursunoni, hanyar ɗaya takan zama hanyar ɗari. Ka kuma yi hattara da lambobin sansani, musamman na cikin ƙasar Japan irin na yankin Fukuoka, don an sha canza musu lamba. Sansani mai lamba kaza a 1943 ba lallai ne ya zama shi ne mai wannan lambar a 1945 ba, sai ka haɗa lamba da shekara.

Ranar mutuwa ita kanta tana magana. Wanda aka kama a Hong Kong ya mutu ran 1 ko 2 ga Oktoba 1942, ka duba jirgin ruwan Lisbon Maru, wanda ya nutse da 'yan Birtaniya sama da 800. Ran 12 ga Satumba 1944 ranar Rakuyo Maru da Kachidoki Maru ce, ran 18 ga watan kuma ta Junyo Maru. Japan ba ta sa wa waɗannan jirage alamar cewa fursunoni ke ciki ba, jiragen ƙarƙashin teku na Ƙawance suka harbe su. Irin waɗannan ba su da kabari, sunansu na jikin bango a Kranji ta Singafo ko Sai Wan ta Hong Kong. Waɗanda suka mutu a layin dogo kuwa, bayan yaƙi aka tono su daga ƙananan maƙabartun daji aka tara su wuri uku: Kanchanaburi da Chungkai a Tailan, Thanbyuzayat a Bama. Inda kabari yake yau ba nan ne inda mutum ya cika ba. Akwai cibiyar tarihin layin dogon a gefen maƙabartar Kanchanaburi, suna amsa tambayar dangi.

Na duba katunan nan da lamba, da kowane irin rubutun sunan da zan iya ƙirƙirowa. Babu shi. Kada rashin kati ya sa ka yanke hukunci. Japan ta sa hannu a yarjejeniyar Janiba ta 1929 kan fursunonin yaƙi amma ba ta tabbatar da ita ba. Kati sai wanda ya isa sansani na dindindin ake yi wa, wanda aka kama a daji ya mutu a hanya ba ya shiga lissafin kowa. Tsakanin 15 ga Agusta 1945 da isowar sojojin Ƙawance an ƙona takardu masu ɗimbin yawa. Kuma gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce takardun da suka tsira sun fi kula da farar fata. Sojojin Indiya dubbai ne aka tsare, aka kai wasu har Niyu Gini, amma bayanansu ba su kai na Turawa ba ko kusa. Leburorin Asiya da aka tilasta wa aikin layin dogo sun fi fursunoni mutuwa nesa ba kusa ba, yawancinsu ko suna ba a rubuta ba.

Inda namu suke fitowa shi ne kundin yau da kullum da kowace bataliya take rubutawa a fagen yaƙi. Na Bama suna cikin jerin WO 172, na lokacin da suke gida Afirka ta Yamma suna WO 173. Tunda CWGC ta ba ka rukuni da rana, sai ka nemi kundin wannan rukuni na wannan shekara. Ka shirya ranka, don abin zai sosa maka zuciya. Hafsa Bature idan ƙaya ta soke shi da sunansa ake rubutawa. Namu kuwa haruffa uku ne, AOR, wato ƙananan sojoji 'yan Afirka, sai a sa adadi a gaba. Takardar siririya ce kamar fatar albasa, bugun tafireta ya dusashe, ƙusar da ta haɗa shafukan ta yi tsatsa ta ci gefensu. A ranar da nake nema layi uku ne kacal: 'yan sintiri sun fita da asuba, an yi musu kwanton ɓauna a bakin wani rafi, AOR uku ba su dawo ba. Na zauna ina kallon "uku" ɗin nan na fi minti goma.

Kada ka tsaya a shafukan gaba. Ka bi ta ƙarshen fayil, inda ake liƙa rahoton sintiri da lissafin asarar mako. A nan akawun bataliya yakan jera lambobi. A shafi na kusa da ƙarshe na ga lambobi uku a jere, ta tsakiya ita ce ta bayan hoton Kaka, a gabanta an rubuta ya ɓace. Sai na gane cewa ranar da ke rubuce a Taukkyan ranar da aka daina ganinsa ce, hukuma ta ɗauke ta a matsayin ranar mutuwa. Takarda ta ce ya ɓace, mutumin zaure ya ce ya ga an tafi da shi, kuma maganganun biyu ba su ci karo da juna ba. Ka karanta kwana goma kafin ranar da kwana goma bayanta, don wani lokaci wanda aka ce ya ɓace yakan ɓullo daga daji bayan mako, a rubuta abin da ya gani. Idan mutuminka ba ɗan bindiga ba ne, cikin rukunin masu dakon kaya yake, su ma suna da nasu kundin, kuma su ne suka ɗauki yaƙin Kaladan a ka.

Sauran ƙofofi a taƙaice. Kwamitin Red Cross na duniya da ke Janiba yana da katunan fursunonin wannan yaƙi, yana amsa tambayar dangi kyauta, amma adadi ƙayyadadde yake karɓa a lokuta sanannu cikin shekara, sai ka yi sammako ranar da aka buɗe. Jerin WO 373 na Kew na shawarwarin ba da lambar bajinta ne, akwai 'yan Afirka a ciki da cikakken labarin abin da suka yi. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana da fayilolin larduna na zamanin, a nan ake neman maganar ɗaukar soja da ta mazan jiya. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, sun cancanci a duba su don labaran yaƙin. Wanda yake neman ɗan Ostireliya, fayilolin sojojinsu suna intanet a ma'adanar ƙasarsu, kuma daga cikin kimanin 22,000 da Japan ta kama musu kusan 8,000 ba su dawo ba. Holan ta sa katunan sojojinta na Indunusiya a intanet kyauta. Amurka ma tana da rumbun sunayen fursunoninta.

Ka sayi littafi guda ka riƙa rubuta duk inda ka duba, da ranar, da abin da ka samu, har da inda ba ka sami komai ba, in ba haka ba za ka biya kuɗi sau biyu a kan fayil ɗaya. Idan za ka ɗauki mai bincike ya duba maka a Kew, ka ba shi lambar fayil takamaimai, ka ce hoton kowane shafi kake so har da bango. Akwai wani da na taɓa turawa kuɗi masu kauri tun ina laluben duhu, ya aiko mini da labari mai daɗi na wani soja mai suna irin namu, da na duba lamba sai na ga ba ta ko yi kama ba.

Da na dawo na buga hoton fuskar ginshiƙin da sunan yake a babbar takarda, na kai wa Kaka. Ba ta karanta boko, sai na kama yatsanta na ɗora a kan layin. Na faɗa mata sunan yadda aka rubuta, ta ce, "Wannan ai ba sunan Yaya ba ne." Na karanta mata lambar, na juya bayan hotonta na sake karantawa. Ta yi shiru. Can ta ce, "Maigida, ranar nan da ka ce, a watanmu wane wata ne?" Na duba na ce mata Rabi'ul Awwal ne. Ta sa aka kira ƙanwar mahaifiyata, ta ce a auno gero a ajiye, watan ya kusa.